Wai ya aka yi rabon abinci a Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu?

Dan_Tarihi:
Salam ƴan uwa, dan Allah wai da gaske ne a lokacin yaƙin Hitler ko kana da kuɗinka ba za ka sayi abinci yadda kake so ba a Ingila? To masu kuɗi fa, suka yarda?

Ummu_Hanan:
Wa alaikassalam, gaskiya ne wlh. Yawancin abincinsu ta teku ake kawowa, jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa kuma suna ta nutsar da jiragen kaya, shi ne a Janairun 1940 gwamnati ta fara ƙayyade sukari da bota da naman alade, daga baya nama da shayi da cuku suka biyo. Kowa da ɗan littafinsa na kupon, za ka yi rajista da mai shago ɗaya, in ka je ya soke kupon ɗin sannan ka biya kuɗinka, ba kyauta ba ne fa. Ƙwai ɗaya a sati, shi ma in an samu, sai garin ƙwai na gwangwani daga Amurka.

MalamSani77:
Ƙari kan bayanin Hajiya, har tufafi an sa wa kupon a 1941. Abin da ya fi ban mamaki burodi, duk tsawon yaƙin ba a taɓa shi ba sai 1946 bayan an gama. Nama kuwa sai 1954 aka sake shi.

Bakatsine_:
Masu kuɗi ai ba su rasa hanya ba malam, gidan cin abinci babu kupon, ga kasuwar bayan fage, sai dai in an kama ka tara ce ko ɗauri.

Dan_Tarihi:
1954?? Shekara tara bayan yaƙi kenan, tab!