Dubu 200 na tara: hedifon zan saya ko amfilifaya da sifiku?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Watan jiya na leƙa sitidiyon wani abokina a Zoo Road, ya ɗora min hedifon ɗin da yake aiki da shi, Audio-Technica M50x, ya kunna min wata tsohuwar waƙar kalangu da na fi shekara 20 ina ji. Wallahi kamar ranar na fara jin ta. Ashe akwai ɗan amshi guda da kullum yake makara a bayan sauran. Ashe har jan numfashin mawaƙin ana ji. Tun daga ranar iyafis ɗina ya fita daga raina.

Yanzu na tara dubu 200. Ko dai in sayi hedifon irin wancan, ko in nemi amfilifaya ta gwanjo da sifiku biyu in kafa a falo. Amma ku lura: gidan haya nake, mu huɗu ne a ciki, bango ɗaya ya raba ni da maƙwabci, kuma ina da jaririya 'yar wata biyar. Sai dare nake samun sauraro, bayan na rufe shago. Abin da nake ji waƙoƙin gargajiya ne da karatun Alƙur'ani, sai kaset-kaset na mahaifina, Allah ya jiƙansa, kusan kwali guda. Wayata kuma ba ta da ramin iyafis, sai na caji kawai.

Sarkin Bas:
Wa alaikumus salam. Malam kada ka wahalar da kanka. Ka shiga Sabon Gari ka ɗauko hom tiyata mai wufa biyu, ka ga yadda kwanuka za su yi rawa a kan kanta. Sauti in bai daki ƙirji ba ai ba sauti ba ne.

Maman Walid:
Sarkin Bas ka karanta kuwa? Mutum ya ce jaririya gare shi da maƙwabta, kai kana maganar kwanuka su yi rawa. Maijegon ce za ta fara rawa da shi zuwa gidansu.

Kawu Na'ibawa:
Ɗana, in ka ji sunan amfilifaya ta gwanjo ka yi ta kanka. Ni ganau ne, ba jiyau ba.

Shekara uku ke nan na sayi wata, irin masu nauyin nan da sai ka sa hannu biyu, fuskar azurfa, allura biyu suna kaɗawa. Daga Amurka aka kawo ta. Wata bakwai ina tara kuɗinta. Mai shagon ya gaya min wutar can 120 ce, tamu 230, ya haɗa min da 'yar tiransifoma mai rage wuta, ya ce kada in kuskura in jona ta kai tsaye. Na ce na ji. Sati uku na yi ina jin daɗin duniya. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa jin murya ta fito tas kamar mutum yana zaune a gabana ba sai a wannan abu.

Ranar sunan ɗan ƙanwata ina masallaci yara suka ɗauke ta zuwa tsakar gida za su yi wa mata kiɗa. Suka ga filoginta bai shiga soket ba, wani mai wayo a cikinsu ya nemo adafta. Kafin in dawo gidan ya cika da ƙauri. Ba wanda ya amsa shi ne, har yau.

To wannan ƙaddara ce, na haƙura. Abin da ya ƙona min rai mai gyara ne. Ya ce tiransifomar ciki ce ta ƙone, zai naɗa sabuwa. Wata huɗu ina sintiri, yau ya je ta'aziyya, gobe waya ta yi tsada. Da na karɓo ta sai na ji ta yi sauƙi a hannu, na kunna kuma tana gurnani kamar tsohon firji, ɓangaren hagu yana shaƙewa. Na kai wa wani ya buɗe, ya ce Alhaji ai an yashe ta, manyan kwandansa da tiransistocin asali duk an cire an sa na banza. Na koma wajen na farko ya rantse da abin da zai kashe shi. Yanzu tana ƙarƙashin gado, uwargida kuma duk ranar da aka yi zancen firiza sai ta kalli ƙarƙashin gadon ta yi shiru. Shirun nan ya fi zagi ciwo.

Abba Dorayi:
Allah ya mayar da alheri Kawu. Amma gaskiya laifin yara ne da mai gyara, ba na amfilifaya ba.

Kawu Na'ibawa:
A gidan Bahaushe akwai abin da yara ba sa taɓawa ne? Kai dai ba ka yi aure ba shi ya sa.

Injiniya Kabuga:
Bari mu koma kan tambayar. Ɗan Gwammaja, da yanayin da ka faɗa, hedifon ne naka, kuma mai rufaffen baya. Iri biyu ne. Mai buɗaɗɗen baya, kamar Sennheiser HD 600, sautinsa ya fi faɗi da sakewa, amma duk abin da kake ji na kusa da kai yana ji, kai ma kana jin janareton maƙwabci. Ga shi om 300 ne (om ma'aunin turjiyar hedifon ga wuta ne, in ya yi yawa ya fi wuyar turawa), waya ita kaɗai ba ta iya tura shi yadda ya kamata, sai ka ƙara kuɗin 'yar amfilifayar hedifon. Shi M50x da ka gwada om 38 ne, ba ya wahalar turawa. Akwai Sony MDR-7506, om 63, wanda gidajen rediyo da masu ɗaukar sauti suka daɗe suna amfani da shi tun 1991, murya tana fita sarai a cikinsa, zai dace da karatu. In Beyerdynamic DT 770 ka gani ka duba kwalin da kyau, don akwai na om 32, da 80, da 250, kada ka ɗauko na 250 ka ce waya za ta ja shi.

Maganar ramin iyafis kuma ba matsala ba ce. Akwai 'yar gajeruwar waya da ake sawa a ramin caji, a cikinta akwai DAC, wato abin da ke mayar da lambobin fayil su zama sauti. Ka tabbatar mai DAC ɗin ce, don akwai waɗanda waya ce zalla, ba kowace wayar hannu ke karɓarsu ba.

Ɗan Farm Centre:
M50x akwai shi dubu 45, sabo dal a kwali. In kana so gobe ma sai a kawo maka.

Mai Sitidiyo:
Dubu 45? Ɗan'uwa ka ji tsoron Allah. Abin da a can waje yake kusan dala 150, ka lissafa da canjin yau, ka sa kuɗin kawowa, ta ina zai zama 45? Jabu ne, kwalin kawai suka iya kwaikwaya. Ni nawa dubu 260 na saye shi bara daga Legas.

Abba Dorayi:
Ni kuma 85 na sayi nawa, kuma na asali ne.

Mai Sitidiyo:
Yaushe?

Abba Dorayi:
2021.

Mai Sitidiyo:
To ka gani. Lokacin da dala ba ta kai 600 ba ko a Wapa. Tun da aka saki naira a 2023 wannan farashin ya zama tarihi. Ku daina ruɗa bawan Allah da kuɗin da.

Ɗan Farm Centre:
Ni dai na sayar da sun fi goma ba wanda ya dawo min da shi.

Maman Walid:
Wanda bai taɓa jin na gaske ba me zai sa ya dawo?

Baban Ilham:
Ni tawa shawarar daban ce. Kada ka zuba 200 gaba ɗaya tun ba ka san kunnenka ba. Akwai ƙananan iyafis na China masu waya, irin su Moondrop Chu da 7Hz Zero, kuɗinsu wajen dala 20 ne, kuma wallahi sun fi ƙarfin kuɗinsu nesa ba kusa ba. Ni da su na fara. Wani dalilin kuma zafi. Ka ɗora wannan katon abu mai fatar roba a kunne cikin watan Afrilu a Kano, ba wuta ba fanka, minti 20 gumi zai cika maka kunne. Nawa fatar ta fara ɓarewa kafin shekara, ina tashi sai ka ga baƙin ɓarɓashi a wuyan riga. Ana sayar da fatar daban, amma nemo ta aiki ne. Da hunturu kuma in ba ka sa shi a jaka ba ƙura ta gama da shi.

Mai Sitidiyo:
Duk kun bar babbar magana. Ɗan Gwammaja, abin da abokinka ya kunna maka fayil ne mai kyau. Kai waƙoƙin da ke wayarka daga ina suke? In irin waɗanda ake turawa a shagon caji ne, an matse su sun koma kilobit 64 ko 128 a daƙiƙa, sun bi ta waya goma kafin su zo gare ka, to hedifon mai kyau tona musu asiri zai yi. Za ka ji shuuu da ƙarar ƙarfe-ƙarfe da iyafis ɗin dubu biyu yake ɓoye maka. Faifan CD kilobit 1,411 yake ɗauka a daƙiƙa, MP3 mafi kyau 320. Abin da aka yanke an yanke, ba na'urar da za ta dawo da shi. Kaset ɗin mahaifinka ma sai ka samu dek mai lafiyayyen bel da kai mai tsabta, a juye su cikin kwamfuta sau ɗaya, a adana a FLAC, irin fayil ɗin da ba ya yanke komai daga sautin. Kada ka sa su a kowace rikoda, tsohon zare yanzu ta cinye shi.

Injiniya Kabuga:
Wannan gaskiya ne, sai dai yawancin mutane in aka rufe musu ido ba sa bambance 320 da FLAC. An sha gwadawa.

Mai Sitidiyo:
Ni ina bambancewa. Shekara 12 ina haɗa sauti. Kai a intanet kake karantawa, ni da kunne nake cin abinci.

Injiniya Kabuga:
Shekara 12 kana zaune gaban sifika tana ƙure, ai kunnen naka ne ma abin tuhuma. Zo mu gwada, in ka ci takwas cikin goma na sayi tsire.

Kawu Na'ibawa:
Ku yi ta musu. Duk cikinku wa ya taɓa asarar kuɗinsa? Wanda wuta ta ƙona shi ya san zafinta. Ni na ce kada ya sayi komai mai shiga soket. Ko yara ba su taɓa ba, wutar unguwarmu da rana kamar kyandir, ƙarfe biyun dare kuma ta zo kamar za ta fasa ƙwai. Sitabilaiza biyu na binne.

Abu Sumayya:
Ɗan'uwa ina maka nasiha, in don karatu ne madalla. In don kiɗa ne, dubu 200 ta fi amfani a wani wurin.

Ɗan Gwammaja:
Na gode Malam, Allah ya saka. Na gode kowa. To yanzu in na fahimta, tsakanin Sony ɗin nan da M50x wanne ya fi dacewa da kaset da karatu? Kuma a ina zan samu wanda zan gwada kafin in biya?

Sarkin Bas:
Rufaffen baya ko? Ka shirya. Jaririya za ta yi ta kuka, Hajiya tana kira daga ɗaki, kai kana can kana neman ɗan amshin da ya makara. Ranar za ka ji sauti na asali, ba DAC ba adafta.

Maman Walid:
Wallahi na yi dariya har Walid ya farka. Amma ku da kuke ta tausayin maƙwabta, mu wa ya tausaya mana? Layinmu tun Alhamis aka toshe shi da rumfa, DJ ya jera sifiku shida a jikin bangon ɗakina. Tagogi suna kaɗawa har sha biyun dare. Surukata mai hawan jini sai gidan 'yarta muka kai ta ta kwana.

Baban Ilham:
Mu ma haka a Kurna. Abin haushin ma sautin ba daɗi, duk ya fashe, bas ne kawai ke dukan ciki. Ka ga yara ƙanana sun manna kai a jikin sifika suna rawa.

Injiniya Kabuga:
Wannan ne abin tsoron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako yana jin ƙarar da ta kai desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin rabewa yake biyu. Gaban sifikar biki ya wuce haka nesa. Jin da ya tafi ta wannan hanya kuma ba ya dawowa.

Mai Sitidiyo:
Kada ku ɗora wa DJ duka. In ya rage, ƙawayen amarya ne za su zo su ce ba a biya shi don ya yi raɗa ba. Na yi wannan aikin kafin in buɗe sitidiyo, na sani.

Maman Walid:
To mu kai ƙara wajen wa? Mai unguwa na je, ya ce a yi haƙuri kwana uku ne. Bikin wata mai zuwa kuma na 'yarsa ne.

Kawu Na'ibawa:
Ku ba DJ ɗin lambar mai gyarana. Sati ɗaya unguwa za ta yi tsit.

Ɗan Gwammaja:
Jama'a, Sony ko M50x?

Abba Dorayi:
Maman Walid wane layi ne naku? In na bayan makarantar nan ne, ina jin bikin ɗan ajinmu ne, kuma an ce sai Lahadi za a tashi.