Faifan da aka yi wa faci a sitidiyo, har yanzu na dandali ne?

Ɗanjuma: Salam jama'a. Yau zan faɗi wata magana ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ni dai na daina ɗaukar faifan wasan dandali na mawaƙan rok na da da kamfanoni suka fitar a matsayin tarihi, kayan kasuwa ne kawai. Tarihi na gaskiya yana cikin kaset ɗin da 'yan kallo suka saci ɗauka. Jiya na kwana ina jin Live and Dangerous na Thin Lizzy, na 1978, faifan da nake ƙauna tun ina sakandare, sai na tuna Tony Visconti wanda ya haɗa shi da bakinsa ya ce kusan kashi 75 cikin 100 a sitidiyo aka sake yi, wlh sai naji abin ya fita a raina. To me ya rage na daren kenan, ihun mutane?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ɗanjuma a hankali dai, ka kawo rabin zance. Visconti ya faɗi haka, eh, amma 'yan ƙungiyar ba su yarda ba, su Scott Gorham da Brian Downey sun sha musanta wannan adadin, suka ce gyara kaɗan ne. Kuma a 2023 an fitar da akwati mai ɗauke da cikakkun wasannin da aka tsamo faifan daga ciki, na Landan 1976 da na Philadelphia da Toronto 1977, kowa ya je ya kwatanta da kunnensa. Ni na ji wasu daga ciki, yaran nan suna kiɗa ba wasa ba.

Ɗanjuma: Baba ko kashi 10 ne ai faci faci ne. Kuma ba su kaɗai ba, Alive! na Kiss na 1975 su kansu daga baya sun amsa an gyara shi sosai, Get Yer Ya-Ya's Out na Rolling Stones ma an koma an sake rera muryoyi. Ka sayar min da abu ka ce ga abin da ya faru ranar kaza a wuri kaza alhali wani sashe wata biyu bayan nan aka yi shi cikin ɗaki mai iyakwandishan, ai wannan ba amana ba ce.

Sadiq: Bari in sa baki tunda aikina ne haɗa sauti. Yaya Ɗanjuma kana cuɗa abu uku wuri ɗaya ne. Akwai wankewa, wato a rage ƙarar tef da sheshsheƙar waya, ba a ƙara komai ba. Akwai ɗinki, a ɗauko rabin waƙa daga daren Litinin a haɗa da rabin daren Laraba. Sannan akwai ɗori, mawaƙi ya dawo sitidiyo ya sake rerawa a ɗora a kai. Na uku ɗin nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari, na farko kuwa wanda ya ce yaudara ce bai taɓa riƙe tsohon tef a hannunsa ba. Tef ɗin da aka yi daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1980, irin su Ampex 456, gam ɗin da ya riƙe garin maganaɗisun yana shan danshi ya yi danƙo, in ka ɗora shi a inji haka nan za ka ji yana kuka ƙiii, ka duba kan injin ka ga wani baƙin abu kamar kwalta ya manne, to sautin ne yake bajewa a gabanka kuma ba ya dawowa. Dole sai an gasa shi a wuta mai laushi, wajen digiri 50 da ɗan wani abu, na sa'o'i masu yawa, sannan a yi maza a juye shi. Wannan ceto ne ba ha'inci ba.

Anti Bilki: Sadiq ka yi bayani. Ni tambayata ga Ɗanjuma ita ce wa ya ce masa kaset ɗin sata ba ya ƙarya? Shekara nawa duniya tana yawo da wasan Bob Dylan na 1966, wanda wani ɗan kallo ya ɗaga murya ya kira shi maci amana saboda ya ɗauki jitar lantarki, an buga a jikinsa Royal Albert Hall na Landan, alhali a Manchester aka yi, Free Trade Hall, 17 ga Mayu 1966. Masu satar ne suka yaɗa sunan da ba daidai ba, sai da kamfaninsa ya fitar da shi a 1998 ya rubuta ainihin wurin. Kuma shi wannan ma ba daga aljihun ɗan kallo ya fito ba, tef ne na ƙwararru da ya zurare ya faɗa hannun 'yan kasuwa.

Ɗanjuma: Anti kuskuren suna daban, canza kiɗa daban. Ko da sun rubuta Kaduna a jikin kwalin, abin da ke ciki shi ne abin da aka kaɗa a daren.

Anti Bilki: To ai ba lallai ba ƙanena. Batir ya yi sanyi tef ya riƙa jan ƙafa, in an kunna a gida sai waƙa ta yi gudu murya ta sirance, an kwafa daga kaset zuwa kaset sau biyar shida kowane kwafi yana cinye wani abu yana ƙara shuuu, ga inda mai ɗauka ya tsaya juya kaset an rasa minti guda. Duk wanda ya yi zamanin kwafar kaset a kasuwa ya san yadda na shida yake, ba sai an gaya masa ba.

Usman Zariya: Ni ina bayan Ɗanjuma amma ba duka ba. Ku tuna Mike Millard na Los Angeles, mutumin da yake shiga filin wasa a keken guragu alhali lafiyarsa ƙalau, ya ɓoye rikoda Nakamichi 550 a ƙarƙashin kujerar, ƙananan makirfo a jikin hularsa. Ku nemi ɗaukarsa ta Led Zeppelin a zauren wasa na Forum, 21 ga Yuni 1977, wadda ake kira Listen to This Eddie, ku sa abin kunne ku rufe ido. Gangar John Bonham tana tasowa ne ta cika ɗakin ta daki bango ta dawo, kana jin faɗin wurin, kana jin na kusa da shi suna magana, abin da tef ɗin tebur ɗin injiniya ba zai taɓa ba ka ba don shi daga waya kawai yake sha. Shi kansa Jimmy Page, mai jitarsu, da bai son masu satar ɗauka ya yi amfani da wani yanki na ɗaukar a DVD ɗinsu na 2003. Ku kwatanta da faifansu na kamfani How the West Was Won wanda shi ma 2003 ya fito, daɗi kam ba magana, amma dare biyu ne aka ɗinke, 25 ga Yuni 1972 a Forum da 27 ga wata a Long Beach, har cikin waƙa ɗaya ana tsallakawa daga wannan dare zuwa wancan. Daren da kake ji a faifan nan ba a taɓa yin sa ba.

Sadiq: Gaskiya ne Malam Usman amma a jikin faifan an rubuta ranakun biyu, ba a ɓoye ba. Kuma Millard ɗaya ne a cikin dubu, yawancin kaset ɗin 'yan kallo kamar an sa rediyo a cikin randa ne. Shi ma abin da kujera ɗaya ta ji ya ɗauko, wanda ke can sama ta hagu wani wasan daban ya ji.

Malam Habu: Ku bari in ba ku na The Who, don a nan ne ni kaina zuciyata ta rabu biyu. Live at Leeds, 14 ga Fabrairu 1970, a ɗakin cin abinci na jami'ar Leeds aka ɗauka, ba wani katafaren fili ba. Sun dawo daga zagayen Amurka na 1969 da tarin tef, mai jitarsu Pete Townshend ya ga ba zai iya zama ya saurare su duka ba ya ce wa mai kula musu da sauti Bob Pridden ya ƙone su, aka shirya wasa biyu, Leeds da Hull washegari. Faifan da ya fito a Mayun 1970 waƙa shida ne kacal, kwalinsa ruwan ƙasa da hatimi kamar na 'yan sata, a tsakiyar faifan kuma da rubutun hannu an ce wannan ƙarar tas-tas ɗin ba laifi, kar a gyara. Wani kawuna da ya yi karatu a Ingila ne ya dawo da shi, ina yaro ina zama kusa da garmaho ina kallon allura tana hawa da sauka, na ɗauka faifan ne ya karce ashe daga wayar ɗauka ne. Da na sami na CD na 1995 an share ƙarar, an ƙara waƙoƙi, sauti fes, wallahi na ji daɗi, amma har yau in na zo wuraren da kunnena ya saba jin tas ɗin sai in ji kamar an cire hoto daga bangon ɗakinmu.

Ɗanjuma: Yawwa Baba! Ka zo wurina kenan. Su da kansu suka ce kar a gyara.

Malam Habu: Ban zo ba tukuna, saurara. Shi na Hull da aka ajiye shekara 40 saboda sautin bes, jitar nan mai kauri, na John Entwistle bai shiga tef ba a waƙoƙin farko, a 2010 suka ɗauko bes ɗinsa na daren Leeds suka daidaita da kwamfuta suka cike gurbin, kuma suka faɗa wa duniya abin da suka yi. Ɗinki ne, ban musa ba. Amma da ba a yi ba da har in mutu ban ji Hull ba, alhali hannun Entwistle ne, waƙoƙin ne, kwana ɗaya tsakani. Ni wannan ban kira shi ƙarya ba don an gaya min.

Anti Bilki: Haka ma na Beatles a Hollywood Bowl, 1964 da 1965. A layin sauti uku kawai na tef aka ɗauka, mutum wajen 17,000 suna ƙwala ihu ba tsayawa, su kansu mawaƙan ba su da lasifikar jin kansu a kan dandali. Tef ya zauna sai 1977 George Martin, mai haɗa musu faifai, ya iya fitar da wani abu, sannan a 2016 ɗansa Giles Martin ya sake haɗawa da fasahar kwamfuta mai raba sauti aka tura ihun baya kaɗan har ganga da bes suka fito. Ba wanda ya koma ya sake kaɗa komai. To Ɗanjuma wanne ne tarihi a nan, ihun da ya rufe kiɗa ko kiɗan da ke ƙarƙashin ihu? Duka biyun sun faru a daren.

Ɗanjuma: Ihun shi ne labarin Anti. Dalilin da ya sa suka daina zagaye a 1966 kenan, ba sa jin kansu. In ka rage ihun ka rage dalilin.

Usman Zariya: Wannan magana ce mai nauyi, ban taɓa kallonta ta nan ba.

Sadiq: Nauyi gare ta amma na 2016 ɗin ma ihun yana nan fa, ka je ka ji, bai tafi ko'ina ba. Kuma kar mu yi kamar duk na kamfani faci ne. Made in Japan na Deep Purple, Agusta 1972 a Osaka da Tokyo, Martin Birch ya ɗauka a layi takwas, ba ɗori ko ɗaya, kuma ba kaset ɗin ɗan kallo da zai tsaya kusa da shi. Ga Grateful Dead da suka ware wa masu ɗauka wurinsu na musamman tun 1984, amma wasansu da aka fi yabo, na jami'ar Cornell, 8 ga Mayu 1977, sunansa ya fito ne ta tef ɗin Betty Cantor-Jackson, injiniyarsu, wadda take yin nata haɗin kai tsaye lokacin da ake wasan. Tef ɗin nata a gwanjon kayan sito aka sayar da su a 1986, suka bi hannu hannu, sai 2017 aka fitar a hukumance. Wannan a wane layi za ka sa shi yaya, na sata ko na kamfani?

Ɗanjuma: Na Betty na yarda da shi don ba a taɓa kiɗan ba. Made in Japan ma na cire shi daga zargi. To bari in rage maganata, ban ce duka ba yanzu, amma duk wanda aka yi wa ɗori kuma ba a rubuta a jiki ba, ni a wurina faifan sitidiyo ne mai tafi. Kuma ku tuna ba don Live'r Than You'll Ever Be ba, wasan Rolling Stones da aka saci ɗauka a Oakland 9 ga Nuwamba 1969 ya shiga kasuwa kafin shekara ta ƙare, da ba mu da ma'aunin da za mu auna Ya-Ya's da shi. Masu satar nan su ne shaidu, in babu su kamfani zai faɗi abin da ya ga dama.

Anti Bilki: A kan shaidu na yarda. A kan cewa su kaɗai ne tarihi, a'a.

Malam Habu: Sadiq ɗana, in na kawo maka faifan Leeds ɗin na kawu, yana nan cikin leda a saman durowa, za ka iya juye min shi yadda yake? Kar ka wanke komai, har tas-tas ɗin nake so.

Sadiq: Kawo shi Baba ranar Asabar bayan la'asar, amma kar ka goge shi da tsumma, zan wanke ƙurar da kaina. Zan yi kwafi biyu, ɗaya yadda yake ɗaya na rage ƙarar allura kawai, in turo nan ba tare da na faɗi wanne ne wanne ba.

Ɗanjuma: Ka turo, zan gane nawa tun a minti na farko.

Usman Zariya: Ni ma a sa ni, kuma ka haɗa da na Hull ɗin mu ji inda aka ɗinka bes ɗin ko kunne zai kama.