Wa Ya Kashe Tess? Musayar Baitoci

Hajara, Zariya:
Salamu alaikum. Jiya da dare na rufe littafin Thomas Hardy na 1891, Tess of the d'Urbervilles, barci ya ƙaurace mini. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Na zo da kuka, ku ba ni wuri,
Kan wata 'yar Ingila, baiwar Allah, yarinya.
A ƙauyen Marlott take, gidan talauci,
Uba ɗan koli ne, mashayin giya.
Wani limamin coci ya tsai da shi da yamma,
Ya ce jininka na manya ne, masu faɗa a ji jiya.
Daga jin haka ya je ya sha ya bugu,
Ya kasa kai amya kasuwa kafin safiya.
Tess ta ɗau linzami cikin duhun dare,
Gyangyaɗi ya sace ta a tsakar hanya.
Keken wasiƙu ya soke dokinsu Prince,
Abincin gidan ya zube da jininsa gaba ɗaya.
Shi ya sa aka tura ta neman dangi,
Gun waɗanda suka sayi sunan da dukiya.
Ku gaya mini, wa ya kashe ta?
Igiya ce, ko kuwa mutanen duniya?

Malam Sabo, Katsina:
Hajara ƙanwata, share hawaye,
Abin da kika karanta sunansa ƙaddara.
Dubi wasiƙar da ta rubuta wa Angel, ɗan wani liman mai neman aurenta,
Ta faɗi komai, ba ragi, ba ta ƙara.
Ta tura ta ƙarƙashin ƙofar ɗakinsa,
Ta shige ƙasan darduma, ba wanda ya lura.
Da ya karanta kafin a ɗaura aure,
Watakila da an sami abin gyara.
Gyangyaɗi ɗaya, takarda ɗaya,
Ƙaddara ta riga fata, ba a tsallake ta da dabara.

Inna Binta, Maraɗi:
Malam Sabo, da girmanka da iliminka,
Wannan karatun naka ban yarda ba.
Daren aurensu a Wellbridge ai ta faɗa da baki,
Kunnensa ya ji, bai ce bai ji ba.
Shi ma ya fara: kwana biyu ya yi a Landan
Da wata mace, ba bisa aure ba.
Ta yafe masa nan take, har da murna,
Tana zaton nata ba zai fi nasa nauyi ba.
Ta ce ga abin da Alec, ɗan gidan da aka tura ni, ya yi mini a daji,
Ina barci ya same ni, ban kira shi ba.
Sai ɗan limamin ya murtuke fuska,
Wai wadda ya so ba ita ce wannan ba.
Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango nata,
Nata ɗin ma ba ita ta nema ba.
Ya tattara kaya ya hau jirgi sai Birazil,
Ƙaddara ba ta yankar masa tikiti ba.

Aminu, Kano:
Inna, a gafarce ni in sa baki,
In ƙara miki hujja daga wajen doka.
A 1857 Ingila ta yi dokar rabuwar aure:
Miji ya tabbatar da zina, kotu ta raba su haka.
Mace kuwa sai ta haɗa da wani laifin,
Kamar ya gudu ya bar ta, ko azaba da duka.
A wannan ruwan Angel ya yi wanka tun yana yaro,
Ya yar da aƙidar coci, mudunta ya ɗauka.
Uban Alec, Simon Stoke, ɗan kasuwa ne,
Ya tsinci sunan manya a littafi ya saka.
Mai jinin asali tana kiwon kajinsu,
Mai sunan aro yana hawa yana sauka.
A gonar Flintcomb-Ash Tess ta tono saiwa cikin sanyi,
Ta ciyar da bakin injin sussuka.
Ubanta ya rasu, hayar gidan da ransa aka ɗaure ta,
Aka fitar da su, kaya a keke, yara na kuka.
Suka kafa gado a gindin cocin Kingsbere,
Kakanni a ciki kwance, jikoki a waje ba bukka.
Nan Alec ya zo da kuɗi a tafin hannu,
Me za ta ce masa, 'yar talaka?

Malam Sabo:
Na ji, Inna, na ji, Aminu, na sauko rabi,
Amma ku tsaya mu yi maganar jini.
A Sandbourne, inda ta koma zama da Alec, mai gidan haya ta ɗaga kai,
Ga jan tabo a rufi, yana girma tana gani.
Wuƙa Tess ta ɗauka ta soke Alec,
Rai rai ne, ko na mugu, ba a mai da shi da magani.
Hardy ya kira ta tsarkakakkiya tun a bango,
Nan na tsaya, ya dama mini tunani.
Ya kuma rufe da wai wani babba a sama ya gama wasa da ita,
Wannan ban karɓa ba, ya saɓa wa imani.

Inna Binta:
A kan imani muna tare, Malam,
Allah bai yi wasa da bawansa ba.
Masu wasan suna ƙasa, da sunayensu,
Ɗaya ya ci da ƙarfi, ɗaya bai yafe ba.
Wuƙar ban wanke ta ba, kada ka ce na wanke,
Amma alƙali ya ga wuƙa, bai ga daji ba.

Rabi, Jos:
Ni ungozoma ce, shi ya sa wani wuri dabam ya fi tsaya mini a rai.

Kun yi ta Alec, kun yi ta Angel,
Jaririn da ta haifa wa Alec fa? Ba ya bakin kowa.
Daren da ciwo ya ci ƙarfinsa,
Kakansa ya kulle ƙofa, ya hana liman zuwa.
Wai kada a leƙa asirin gidan manya,
Gidan da ko doki babu, sai yunwa.
Ta tada ƙannenta suka durƙusa gaban kyandir,
Ta yi masa baftisma, ita ce liman, ita ce uwa.
Ta raɗa masa Sorrow, wato baƙin ciki,
Da asuba ya cika, tafiyar da ba dawowa.
Liman ya ƙi yi masa jana'izar coci,
Da fitila aka binne shi can a kusurwa,
Inda ake sa mashaya da masu kashe kansu,
Cikin ƙaiƙayi da doguwar ciyawa.
Ta ɗaure 'yan katako biyu ta yi gicciye,
Ta sa furanni a tsohuwar kwalba da ɗan ruwa.

Aminu:
Yaya Rabi, wannan daren da kika waƙe, jaridar Graphic da ta fara buga labarin kashi-kashi ba ta buga shi ba, cire shi aka yi. Har wurin da Angel ya ɗauki 'yan mata masu tatsar nono a hannu ya tsallakar da su ambaliya, sai da aka mai da shi ya turo su a baro. Ko hannun namiji a jikin budurwa ma ya dame su.

Hajara:
Malam, Inna, Yaya Rabi, Aminu,
Kun ƙara mini kuka, amma na gode da gaskiya.
Hardy na da shekara 16, a 1856,
Ya tsaya a Dorchester cikin 'yan kallo yana dubiya,
Aka rataye Martha Brown kan kisan mijinta,
Har ya tsufa bai mance ta ba a kan igiya.
Angel ya dawo daga Birazil a rame,
Nadamarsa ihu ce bayan hari, an riga an ci ganima an juya.
'Yan kwanaki suka samu a gidan da ba kowa,
Su ne duk amarcinta a duniya.
A Stonehenge ta kwanta bisa dutse,
Ƙafa ta gaji, ta kasa tafiya.
Ta ce masa in ba ni, ka riƙe Liza-Lu,
Ƙanwata ce, ba tabo a jikinta ko ɗaya.
Masu kamu suka zo da ketowar alfijir,
Ya roƙe su su bar ta ta farka, suka tsaya.
Ta buɗe ido ta gan su kewaye da ita,
Ta miƙe da kanta, ta ce ta shirya.
A Wintoncester baƙar tuta ta hau sanda, alamar an rataye ta,
Shi da ƙanwar suna hange daga tudu da safiya.
Suka sunkuya ƙasa, suka daɗe shiru,
Sannan suka kama hannun juna suka bi hanya.