Me za mu kira kuɗin da ake biyan manomi don ya hutar da gonarsa?

Jama'a, masu fassara da ma'abota rediyo, ku matso. Labarin gundumomin karkara na Amurka yakan zo da kalmar conservation subsidy, kuma kusan kowa "tallafin kiyaye muhalli" yake rubutawa ya wuce. Ni wannan fassarar ba ta kwanta mini ba.

Ku fara jin yadda abin yake. Babban shirin shi ne CRP, na hutar da gonaki, wanda dokar noma ta 1985 ta kafa a zamanin Shugaba Reagan. Manomin da gonarsa ke saurin zaizayewa yakan ƙulla yarjejeniya da Ma'aikatar Noma ta shekara 10 zuwa 15. Zai daina shuka masara ko alkama a wurin, ya shuka ciyawa ko itatuwa, ya ci gaba da kula da su. Gwamnati kuma ta riƙa biyansa kowace shekara bisa kowace eka, ta ɗauki har rabin kuɗin shukar. Farashin ya danganta da kyawun ƙasar da kuma yadda hayar gona take a gundumar, shi ya sa gunduma biyu maƙwabta kan sha bamban. A 2007 filin da ke cikin shirin ya haura eka miliyan 36. Tushen abin kuwa guguwar ƙurar shekarun 1930 ce, wadda ta kwashe ƙasar noman Oklahoma da Kansas da Texas.

To ina "tallafi" a nan? Bahaushe in ya ji tallafi, agaji yake hangowa, abin da ake miƙa wa wanda ya gaza. Wannan kuwa ciniki ne, da sharaɗi: ka karya alkawari, ka mayar da kuɗin.

Wani ɗan'uwa ya kawo "diyya". Ta yi kusa, tunda manomin ya bar amfanin da zai girba. Sai dai diyya bayan ɓarna take zuwa, nan kuma da ƙafarsa ya je ya nema, har gasa ake yi wajen shiga. "Kuɗin tattalin ƙasa" ma an ambata, amma mai sauraro zai ɗauka zancen tattalin arziki ake yi. Matsalar "ƙasa" ke nan, ta noma ce ko ta mulki.

"Hayar saura" ta burge ni ƙwarai, don saura ita ce gonar da aka bari ta huta, kuma takardun shirin da kansu haya suke kiran kuɗin. Illarta ɗaya: ba ta ɗauki sauran shirye-shiryen ba. Misali, shirin EQIP, da aka kafa a 1996, yana biyan wanda bai daina noma ba, don ya gyara ban-ruwa ko ya tare zaizaya.

Abin da na tsaya a kai shi ne ladan alkinta gona. Lada irin ta ladan niƙa da ladan ɗinki, wato biyan aiki. Alkintawa kuma ta haɗa hutarwa da gyarawa. Idan labarin CRP ne kaɗai, a ce hayar saura.

Malaman Hausa, kalma ɗaya ta rage: "county". Ni gunduma nake sawa, wasu na cewa ƙaramar hukuma. Wanne ya fi zama a kunnenku?