Wai ina jemar fadamar Logon ta shiga?

Mai Zana na Kusiri:
Salamu alaikum jama'a. Sana'ata saƙar zana, gado na yi wurin mahaifina. Da muna yara, ruwan ambaliya na janyewa za mu bi baba wajen garin Zina, a fadamar kogin Logon da ke arewacin Kamaru, mu yi kwana uku muna yankan jema, ciyawa ta fi ni tsawo, gefen ganyenta ya yi ta tsaga mana hannu. Bana sau biyu ina aika yarona, ya dawo da dami huɗu, rabi ma dawar daji ce aka cusa a tsakiya. Zanan dawar daji kuwa damina ɗaya ta ruɓe. Na jema fa? Wanda baba ya kewaye gidanmu da shi sai da muka yi shekaru kafin mu sauya. Shin shanu ne suka cinye jemar, ko wuta ce? Kuma ana iya shuka ta?

Malam na Maga:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɗora wa shanu duka laifin, maganar ruwa ce. Jema ba ciyawar shekara ɗaya ba ce, gindinta na nan a ƙasa shekara da shekaru, amma tana son ambaliya ta kwanta mata watanni. A 1979 aka gina madatsar Maga saboda noman shinkafa, aka kuma yi ganuwar tare ruwa a bakin Logon, ga farin shekarun 1980 ya zo ya haɗu da su. Ruwan da ke malala har cikin gandun dajin Waza ya ragu ƙwarai. Inda ƙasa ta daina jiƙa, jema da shinkafar daji suka mutu, dawar daji ta gaje wurin. A 1994 aka fasa ganuwar wajen ƙauyen Tekele, ruwa ya koma wani sashe. Shinkafar daji ta dawo da sauri don saiwarta rarrafe take a ƙarƙashin ƙasa. Jema kuwa a dunƙule take zama wuri ɗaya, shi ya sa dawowarta ke tafiyar hawainiya.

Jikan Makiyayi:
Allah ya saka, Malam, ka cire mu daga bakin mutane. Mu da kanmu mun fi kowa asara. Idan aka sa wuta da wuri, ƙasa na da sauran laima, jema kan yi sabon toho kore shar, shi shanu ke ci har tsakiyar rani. Dawar daji in ta ƙone shi ke nan, sai toka. Amma ku tambayi masunta ma. Magudanan da suke haƙawa don kama kifi suna zuƙe ruwan fadama ya koma kogi tun lokacinsa bai yi ba.

Hajiya Mai Turare:
To ni dai bari in faɗi namu, kada a ce mata sun yi shiru. Saiwar jema muke sa wa a randa ruwa ya yi ƙamshi, muna kuma haɗa turaren wuta da ita. Da, kakata ba ta yarda a tumɓuke gindi gaba ɗaya, sai ta sa a tsaga gefe a mayar da ƙasa a danne da ƙafa. Yaran da ke kawo mana yanzu da diga suke zuwa, su cire komai su bar rami. Mu kuma muna saye ba tambaya. Ɗana Mai Zana, shuka kam tana yiwuwa: ka samo gindi ɗaya, ka rarraba shi gida-gida kowanne da saiwarsa, ka datse ganyen ya rage kamar taki ɗaya, ka dasa da farkon damina inda ruwa ke kwanciya. Bayan gidana akwai layi guda, har zaizayar ƙasa ya tare mini. Shekarar farko kada ka sa mata lauje.

Mai Zana na Kusiri:
Na gode ƙwarai. Hajiya, akwai wani kwari a ƙarshen gonarmu da ruwa ke yin wata biyu bai tafi ba, gero ba ya yi a wurin. Idan za ki ba ni gindi biyu, zan turo yaron ranar kasuwa. Sai dai awakin maƙwabta, dole in fara kewaye wurin da ƙaya.