Desan anime da yaro ɗan shekara 7, ku ba ni shawara

Maman Sadik: Salamu alaikum ƴan uwa. Sadik ya wuce zuwa ajin CE1 na firamare, na yi masa alkawarin fim. Ƙanen maigidana ya zo hutu daga Yamai, tunda ya sauka shi ke riƙe da tele, tuwo ma sai an kai masa ɗaki, amma bari in bar wannan. Shi ya kawo Les Indestructibles 2 a kle USB. Na duba intanet, an sa masa PG, wai iyaye su sa ido. Kuma da ya fito a 2018 har gargaɗi aka manna a gidajen sinima na Amurka saboda walƙiyar haske da ke iya tayar da farfaɗiya. Sadik ya taɓa faɗuwa sau ɗaya. In bar shi ya kalla?

Baban Halifa: Hajiya, hana shi kawai. Na san shi sarai. Jini ne tun daga farko, uba na dukan ɗansa kamar zai kashe shi. Halifa ya kwana uku yana firgita.

Anti Rabi Birni: Alhaji, Invincible kake nufi, wancan na manya ne. Wannan iyali ne da jaririnsu, dariya ta fi yawa. Maman Sadik, faɗuwa wace iri? Kun je likita?

Baban Halifa: Duk kanwar ja ce. Mu da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi muka tashi, me muka rasa?

Maman Iman: Ni nawa ba fim ba ne, makwabta ne. Ka hana a gidanka, su kunna a tsakar gida da ƙara har sallar isha'i. Bara tawa ta ɗaure kallabi a wuya ta diro daga kan katanga, sai da aka yi ɗori.

Mushe Isufu: Madam, wurin hasken yana inda uwar iyalin ta bi mugun cikin wani ɗaki. Ki fara kallo ke kaɗai, ki tsallake wurin, kada a kashe fitila. Amma in suma ce ya yi, ki fara tambayar likita.

Maman Sadik: Ai zazzaɓi ne lokacin, kakarsa ta yi masa tofi ya warware. Ni ba sakarar uwa ba ce. Kuma na riga na yi alkawari, tun safe yake zaune gaban tele da kofin kununsa.

Baban Halifa: To tunda kin yanke, me ya kawo tambaya?

Anti Rabi Birni: Har yanzu ba ki ce kun je likita ba.

Maman Sadik: Kawun nasa ya ce ba komai. Bari kuran ya dawo tukuna.