Muhawara: kanel ne ya ɓata suwaf, ko fayil ɗin ne dama can bai cika ba?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Na sabunta kanel ɗin Linux jiya, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, da na kunna laftof sai suwaf, wurin da ake ware wa a faifai don ya tallafa wa RAM idan ta cika, ya ƙi tashi. Na buga swapon, umarnin kunna suwaf, ta ce "Invalid argument", a dmesg, inda kanel ke rubuta saƙonninsa, kuma an rubuta "swapfile has holes". RAM ɗina giga 4 ne, burauza na buɗe shafi goma komai sai ya sandare. Ni dai na yanke hukunci, duk wanda na'urarsa ke aiki kar ya taɓa kanel.

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam. Kafin hukunci, shiga GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa idan an kunna kwamfuta, ka zaɓi tsohon kanel, ka gaya mana abin da ka gani.

Ɗan Fagge: Na yi, Malam. A tsohon ya tashi lafiya lau. To wa ke da laifi kuma?

Malam Injiniya: Da wane umarni ka ƙirƙiri fayil ɗin suwaf ɗin?

Ɗan Fagge: fallocate.

Malam Injiniya: Nan gizo ke saƙar. Kanel ba ya bi ta tsarin fayil idan zai rubuta suwaf, kai tsaye yake zuwa kan faifai, don haka dole kowane yanki na fayil ɗin ya zama yana da mazauninsa tabbatacce. fallocate kama wuri kawai take yi, ba ta rubuta komai a ciki. Littafin swapon kansa ya yi gargaɗi a kan fayil mai rami, wato wanda wani yankinsa ba shi da mazauni a faifai, ya kuma ce dd, umarnin da ke rubuta bayanai cikin fayil ɗin gaba ɗaya, ce hanya mafi aminci. Tsohon kanel ya kau da kai ne, sabon ya ƙi.

Hajiyar Sabar: Allah ya gafarta Malam, a nan ban bi ka ba. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da kansa ne ke nanata cewa sabon kanel bai da ikon karya abin da ke wa mutane aiki jiya. Yaron nan bai canza komai ba. Kuma ka manta Maris ɗin 2021? Kanel 5.12-rc1 ya ɓatar da lissafin inda fayil ɗin suwaf ya fara, yana zuba bayanai a kan fayilolin mutane, har aka sake wa sigar suna aka liƙa mata "dontuse", wato kar a yi amfani da ita. Masu suwaf a kan fatishan, wato yankin faifai da aka ware masa maimakon fayil, su sun tsira.

Malam Injiniya: Gaskiyarki Hajiya, an yi haka. Amma sigar gwaji ce, kuma rc2 ta fito da gyara cikin 'yan kwanaki. Wanda ya ɗora rc1 a na'urar aikinsa ya san abin da ya taka.

Hajiyar Sabar: Ban ce ya daina sabuntawa ba fa, wannan shirme ne, gyaran tsaro ta nan yake zuwa. Cewa na yi kar a ɗora masa laifin shi kaɗai.

Baban Zee: Ku share suwaf ɗin mana kowa ya huta. Ni giga 16 gare ni, shekara biyu ban da shi.

Hajiyar Sabar: Kai ke nan. Mai giga 4 in ya share, kanel zai riƙa kashe masa manhaja tsakiyar aiki. Gara ma ya gwada zram, suwaf da ake matse bayanansa a cikin RAM kanta, kamar yadda Fedora, wani nau'in Linux, ke yi tun sigar 33. Sai dai zram ba ta yin hibernate, wato adana aikin da ake ciki a faifai kafin a kashe na'ura, kuma mai tsohon batir a garin da ake ɗauke wuta ba sallama yana buƙatar wannan.

Malam Injiniya: Ɗan Fagge, goge fayil ɗin, ka sake shi da dd daga /dev/zero, ka yi chmod 600, sai mkswap, sai swapon. In tsarin fayil na Btrfs kake amfani da shi, ka sa chattr +C tun fayil ɗin yana fanko.

Ɗan Fagge: Ya tashi, Malam, na gode. Giga 2 ya nuna a free -h. Amma fa tsohon kanel yana nan a GRUB, ban goge shi ba.

Hajiyar Sabar: Bar shi. Ni ma biyu nake ajiyewa.